Bakin da Aka Hana Dillali Dubawa

Wudil,
Jihar Kano.

Zuwa ga ƙanwata Safiyatu,

Assalamu alaikum wa rahmatullahi wa barakatuhu. Bayan gaisuwa mai yawa da fatan alheri, ina roƙon Allah ya sa wannan takarda ta same ki cikin ƙoshin lafiya da kwanciyar hankali, ke da maigidanki Alhaji Abdulbaqi da yara baki ɗaya. Yaya Kalaba, yaya ruwan saman nan naku da kika ce ba ya ɗaukewa sai dai ya ɗan tsaya ya huta? Allah ya ƙara muku lafiya, ya raya zuri'a, ya sa aikin da ya kai ku can ya zama alheri, ya dawo mana da ku lafiya. Mu nan muna cikin alherin Allah. Damina ta yi kyau, kogi ya cika ya batse, gero ya fitar da kai a Kausani da Darki, masara kuma ta nuna. Radiyya tana lafiya, ita ce ma ke riƙe da gidan da mai gidan a 'yan kwanakin nan.

Na san za ki yi mamakin ganin rubutun hannuna a zamanin da ko tsofaffi saƙon murya suke aikawa. Dalili shi ne bakina yana hutun dole. Na ga kiranki sau da dama, ina kallon waya tana kuka ba halin ɗauka. Radiyya kuma ta gaya mini cewa labarin ɗan maraƙi ya iso Kalaba, har kin rage murya kin tambaye ta ko gaskiya ne. Ban ji haushi ba. Na dai jinjina wa labarin da aka haifa a bakin kara, kasuwar shanu, ya kai bakin teku ba tare da ya shiga mota ba. Shi ya sa na zauna in rubuta miki yadda abin ya faru daga tushe, Radiyya ta ɗauki hoton takardar ta tura miki.

Kin san ciwon nan na gidanmu da ba mu taɓa ɗaukarsa ciwo ba, wato dogon haƙori. Baba, Allah ya jiƙansa, yana da shi, Gwaggo Indo ma haka, kuma tun muna yara muke jin ana cewa alamar gidan Malam Ɗayyabu ce, kamar yadda wasu gidajen ke gadon sanƙo. Ashe ba haƙorin ke tsawo ba, dasashin ne ke ja da baya yana barin saiwa a fili. Tun bara na fara jin ruwan sanyi yana ratsa ni har ƙwaƙwalwa, in na yi aswaki in ga jini, daga baya haƙoran gaba na ƙasa suka fara rausaya in na taɓa su da harshe. Da na je asibiti a Kano, likitar haƙori, wata baiwar Allah mai sanyin magana wadda a shekaru ba ta wuce ɗaliban da na koya wa tarihi ba, ta duba ta ce dasashin namu siriri ne tun asali, gado ne, ni kuma na ƙara masa gudu da aswaki, don ina dirzar haƙora kamar mai wanke gindin tukunya. Ta ce mafita ɗaya ce: a yanko ɗan nama daga rufin bakina na sama, a ɗinke shi a ƙasa inda dasashi ya gudu. Namana ne, Safiyatu. Daga bakina aka ɗauka, a bakina aka mayar. Ki riƙe wannan da kyau, don za ki ga amfaninsa nan gaba.

Aikin kansa bai dame ni ba. An kashe wurin da allura, ina kwance ina kallon fitila ina tunanin garuruwan da aka ci da yaƙi ba tare da sun yi gardama ba. Jinyar ce aiki. Kafin likitar ta sallame ni ta zaunar da ni ta ce naman nan baƙo ne a inda aka sa shi, ba shi da hanyar jini tasa, sai ya kwanta shiru kafin wurin ya karɓe shi. Ta ce in aka ja leɓen ko aka wage bakin, ɗinkin zai motsa, naman ya mutu, kuma in ya mutu haƙoran za su bi shi, don ba su da sauran abin riƙo, rufin baki kuwa ba gona ba ce da za a koma gobe a sake yanka. Saboda haka ba aswaki, ba buroshi a wurin, ba goro, ba yaji, ba abu mai zafi, ba tauna, ba dariya, magana kuma sai ta zama dole. Sama da duka, kada in ja leɓe in duba, kada in bar kowa ya duba. Ta maimaita wannan har na fara tunanin ko na taɓa yi mata laifi a aji. Na yi mata alkawari da ka, ina ganin abu ne mai sauƙi. Na manta garin da zan koma.

Kin san Wudil da dubiya. Ban gama cire takalmi ba zaure ya cika: malaman makarantarmu, 'yan masallaci, maƙwabta, da wasu mutanen da rabona da su tun sunan 'yarki Afra. Kowa sai ya tambayi jiki, ya tambayi iyali, ya tambayi damina, ya sake dawowa kan jiki, ni kuma in ɗora hannu a ƙirji in sunkuyar da kai kamar sabon ango. Masu haƙuri sun gane. Wasu kuwa sun fita suna cewa tun da aka ba ni mataimakin shugaban makaranta na koma amsa gaisuwa da ka. Abin da suka riƙa kawowa kuwa, ko da gayya aka zaɓa ba zai fi haka ba: soyayyen kifi na bakin gada, kilishi, ƙuli-ƙuli, goro fari tas. Ni ina gefe da kofin kunun da aka fifita har ya manta ya taɓa hawa wuta. Radiyya ta yi kumatu a jinyata, tana cewa ba kyau a mayar wa mutane kyautarsu. Ga kuma mai gasa masara da ta kafa kaskonta daidai ƙarƙashin tagata, kullum da yamma ƙanshin sai ya shigo ya zauna kusa da ni kamar ɗan dubiyar da bai san lokacin tafiya ba. Duk wannan mai sauƙi ne. Mai wuyar shi ne, kowa in ya gama addu'a sai ya matso ya ce in ɗan buɗe ya gani. A garinmu dubiya ba ta cika sai an ga ciwo. Mai karaya yana nuna ɗauri, wanda aka yi wa aiki a ciki yana ɗaga riga, wanda ya ɓoye nasa kuwa ya ba mutane aikin yi.

Ana cikin haka sai ga taubashinmu Ƙasimu, ɗan Gwaggo Indo, ranar Juma'a da yamma, kai tsaye daga kara, da sandarsa da warin shanunsa. Kin san tun yana saurayi yake dillancin shanu, kin kuma san yadda suke gane shekarun dabba. Ba sa tambayar mai ita, leɓen ƙasa suke kamawa su ja, su duba haƙora. Hannun mutumin nan ya saba har ya daina neman izinin mai shi. Yana cikin tsokanata, wai an rufe rediyon gidan Malam Ɗayyabu kowa ya huta, sai kawai na ga babban yatsa da manuni sun nufo haɓata. Wallahi ba da mugunta ba ne, idonsa ma yana kan Radiyya yana tambayarta ko da sauran kifi. Na ja da baya har ƙeyata ta bugi bango, Radiyya kuwa ta sauke masa mafici a bayan hannu da wani ƙarfi da ban san tana da shi ba. Ya tsaya yana murza wurin, ya dube ni sama da ƙasa, ya ce shi a sana'arsa in mai dabba ya hana a duba bakinta ba ya ƙara tambaya, ya riga ya san akwai magana a ciki. Na so in yi dariya, Safiyatu, ta taso mini tun daga cibiya. Sai da na tuno taron malamai na ƙarshen zango, da jawabin shugaban makaranta, sannan ta koma.

Daga gidana Ƙasimu ya wuce teburin mai shayi ya ba da rahoto. Ya ce shi da kansa ya kai wa likitoci naman, daga bakin wani ɗan maraƙi, tunda saniya ba ta da haƙoran gaba a sama, dasashi ne zalla yana zaman banza, aka ga gara a taimaka wa malamin makaranta da shi. Ya ce a sa ido, nan ba da daɗewa ba za a gan ni ina tuƙa irin ta shanu a gaban aji. Wasan taubasai ne, ni da shi mun yi wa juna abin da ya fi wannan muni. Da bakina yana aiki da na rama kafin magariba, maganar ta mutu a wurin. Amma wasan nan da baki biyu ake yin sa. Da aka ji shiru daga ɓangarena sai labarin ya rasa mai tare shi, ya cire hular wasa ya naɗa rawani, ya shiga masallacin unguwa.

Kin san in limaminmu Malam Nu'uman ya yi tafiya ni nake jan salla. To sai aka samu masu tambaya ko an yanka maraƙin kafin a ciri naman, don abin da aka yanko daga jikin dabba mai rai hukuncinsa na mushe ne, kuma mai ɗauke da mushe a baki yaya sallarsa, balle ta waɗanda ke bayansa. Na yarda tambaya ce mai kyau, da a ce akwai maraƙin. An ce an yi ta muhawara bayan la'asar har aka rabu gida biyu. Malam Nu'uman ya zo da kansa. Mutum ne mai kunya, ya zaga ta kan damina da tsadar taki da lafiyar yara kafin ya iso inda za shi. Na rubuta masa gaskiyar magana a takarda. Ya karanta ya ce shi ya gamsu tun kafin ya taso, amma mutane ido suke bi, da zan fito bayan salla in ɗan buɗe wa wasu dattawa su ga inda aka yanka da inda aka ɗinke, da maganar ta ƙare nan take. Ya yi gaskiya. Hujjata tana cikin bakina, kuma ita kaɗai ce irin hujjar da in na fito da ita zan rasa abin da nake karewa. Na rubuta masa cewa a yi mini haƙuri, in ba ya nan a sa wani ya ja salla har Allah ya buɗe bakin. Ba zan ɓoye miki ba, wannan rubutun ya fi ɗinkin yi mini zafi. Amma na riga na yanke: mutunci in ya yi ƙura ana kakkaɓe shi, haƙori in ya faɗi ba ya dawowa.

Kada ki ɗauka yayanki waliyyi ne. Ni ma ina son gani. Akwai safiyar da na tsaya gaban madubi, bakin yana mini wani irin ɗanɗano, zuciya tana raya mini cewa wataƙila naman ya riga ya mutu nake wannan wahala a banza, ɗan leƙawa kaɗan ba zai yi komai ba. Yatsana ya kai har haɓa. Sai na tuna hannun Ƙasimu, na ga ashe dai jini ɗaya ne. Na cire madubin daga bango na kai wa Radiyya, ta tura shi ƙarƙashin gado. Tun ranar nake kafa hula bisa zato.

Wadda nake tsoro tun farko ita ce Gwaggo Indo, kuma na san labarin sai ya kai mata Indabo, inda take zaune. Ta iso da hantsi a bayan babur, da ƙullin bagaruwa da jar kanwa. Ba sai na tuna miki ba, matar nan ita ta riƙe mu bayan rasuwar Inna, a bayanta kika girma, ni kuma tunda nake ban taɓa ce mata a'a ba. Ta ƙi zama. Ta ce ba jin bayani ta zo yi ba, ta ji iri-iri a hanya. Ta ce a dafa bagaruwar in kuskure baki da zafinta, amma kafin nan in buɗe ta ga abin da aka sa wa ɗan wanta. Ta ce ita ta san bakin nan tun ba haƙori ko ɗaya a cikinsa, ita ta fara ganin na farko da ya tsiro, ba wata likita da za ta shiga tsakaninta da shi. Ta miƙo hannu. Na durƙusa a gabanta na kama hannun da hannuwana biyu, na girgiza kai. Ta ja, na riƙe. Ban taɓa ganin fuskarta haka ba. Ta ce ashe tana raye za ta ga ranar da zan hana ta. Ta zare hannunta ta juya tana neman takalminta.

A nan na karya dokar magana, na kashe 'yan kalmomin da nake tattali. Da baki rabi a rufe, murya kamar ta mai mura, na ce mata ciwonta ne ya kama ni, dogon haƙori, kuma in aka ja leɓen nan nawa ma za su zube kamar yadda nata suka zube. Iyakar abin da na iya faɗa ke nan, Radiyya ta ƙarasa sauran. Gwaggo ta tsaya da takalmi ɗaya a ƙafa. Kin san yadda take jan gefen mayafi ta rufe baki in za ta yi dariya, mun girma muna ɗauka kunya ce irin ta mutanen da. Ta zauna a bakin gado ta tambayi Radiyya ko da gaske ana iya tsayar da abin. Ta ce nata sun fara tafiya tana goyon Ƙasimu, ɗaya bayan ɗaya, aka ce mata gado ne sai haƙuri, kuma tun daga lokacin ba ta ƙara gatsar masara ba, sai dai ta ɓare a tafin hannu kamar mai ba kaji. Ita ke shuka ta, ita ke gasa wa jikoki. Ke kin taɓa lura? Sai ta ɗaure ƙullin bagaruwarta ta mayar jaka, ta ce ko na maraƙi ne ko na jaki ne a bar shi ya kama tukuna, a yi shari'ar daga baya.

Ba ta koma Indabo ba. Ta sa aka shimfiɗa mata tabarma a zaure, ta zama ita ce bakina. Duk wanda ya zo ita ke amsa gaisuwa, kuma ta fi ni iyawa, don sai ta bi mutum da tambayar iyaye da kakanni har shi da kansa ya nemi tafiya. Wanda kuwa ya ce yana so ya ga wurin, sai ta yaye mayafi ta buɗe masa nata bakin, ta ce ga abin da ake gudu nan, ya kalla har ya ƙoshi. Matar da ta yi fiye da rabin rayuwarta tana ɓoye bakin nan, Safiyatu. Ina jin ta daga ɗaki, kuma dokar likita ba ta hana hawaye ba. Ba wanda ya nemi ƙari. Ƙasimu kuwa aikawa ta yi aka kira shi. Ban ji duk abin da ta gaya masa ba, na dai ji tana tambayarsa sunan mai maraƙin da garinsu, wai za ta je da ƙafarta ta yi masa godiya. Washegari bayan la'asar ya miƙe a masallaci ya ce babu maraƙi, shi ya ƙaga. An ce wasu sun ji takaicin rasa mas'ala mai daɗi. Da zai wuce ya leƙo ta taga ya ce ya janye maganar dasashi, amma maganar tuƙa yana nan a kanta sai ya ga ƙarshen zango.

Shekaranjiya muka koma Kano aka cire zare. Likitar ta ɗaga leɓen da kanta, a hankali kamar mai buɗe tsohon littafi, ta daɗe tana dubawa. Ni kuwa idonta nake karanta, don sauran fuskar a rufe take. Daga ƙarshe ta ce naman ya kama, ya yi ja, jini ya shige shi. Alhamdu lillahi. Ta miƙo mini madubi, na ga abin a karon farko. Ɗan mitsitsi ne, bai fi faɗin farce ba, a kansa aka raba masallaci biyu. Ta ɗauki hotonsa da wayar Radiyya, muka kawo wa Gwaggo, ta daɗe tana kallo, sannan ta ce a nuna wa Liman amma kada a nuna wa Ƙasimu, ya jira. Malam Nu'uman ya aiko cewa zai yi tafiya ƙarshen wata, sahu yana jirana. Sai dai likitar ta ce ba a gama ba. Da sauran 'yan makonni na abinci mai laushi, ba gatsa da haƙoran gaba, magana kaɗan-kaɗan, aswaki kuma in lokacinsa ya yi a yi shi da lallami. Na karɓa hannu biyu. Tunda na iya riƙe hannun Gwaggo, mai gasa masara ba za ta kayar da ni ba.

Yanzu ga abin da nake so daga gare ki, kuma saƙon Gwaggo ne kafin ya zama nawa. Na duba hoton da kika turo da Salla, na ga murmushinki, na ga gidan Malam Ɗayyabu a ciki. Ki je ki ga likitan haƙori a nan Kalaba, ki tafi da Afra, tun abin bai kai inda nawa ya kai ba. Kada ki ce gado ne. An gaya wa Gwaggo haka, ta yarda don ba ta da inda za ta je. Mu muna da shi. In kuma aka ce sai an yi miki irin nawa, kada ki ji tsoro, ke kin yi sa'a, Ƙasimu bai san hanyar Kalaba ba.

Jiya Gwaggo ta koma gida. Kafin ta hau babur ta ce akwai 'yar masarar da ta shuka a makare a bayan gida, wadda ba za ta nuna ba sai ta kowa ta ƙare. Ta ce ba mai taɓa ta, ko jikoki. Ranar da likita ta sake ni in je Indabo, za ta gasa da hannunta, in zauna a gabanta in gatsa da haƙoran gaba, ita kuma ta zauna ta ji ƙarar. Ta faɗi haka tana dariya, kuma ba ta ja mayafi ba. Na yi mata alkawari, kuma wannan karon na san garin da nake ciki da na yi shi.

Ki gaida Alhaji Abdulbaqi da kyau, ki ce na gode da addu'arsa. Ki shafa mini kan Mudassir, ki gaya wa Afra kawunta bai fara cin ciyawa ba. Radiyya tana gaishe ku, Gwaggo ta ce a gaishe ki a kuma tuna miki saƙonta, Ƙasimu ma ya ce a gaida ƙanwar maraƙi, na rubuta ne don ki san bashin wasan da ke jiransa in kin zo. Allah ya tsare mana ku, ya haɗa fuskokinmu da alheri. Zan tsaya nan, Radiyya ta ce kununa ya huce.

Wassalam.

Yayanki,
Dattijo